Hoton da Baffa Ya Goge

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Baffa, yayan mahaifina, ya cika ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin nan na Garwa da ke hana kare haushi. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Jama'a ta taru, ba zan ci haƙƙin kowa ba, sahu ya yi tsawo har ya toshe hanya. Amma ni aka tsayar a ƙofar zaure ina karɓar gaisuwa, kuma Allah bai halicce ni makaho ba.

Mutum zai shigo ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa," a ɗaga hannu a shafa, sai ka ga ya ɗosana a bakin tabarma, takalminsa kusa da hannunsa. Kashegari aka fito da kunun gyaɗa da masa, sai unguwa gaba ɗaya ta zama mai azumi. Ni dai azumin Litinin da Alhamis na sani, ban ji ranar da aka ƙara Laraba ba. Fulanin da suka zo daga ruga da abokan sana'arsa na kara, wato kasuwar shanu, su ne kaɗai suka sha suka ƙara, suka ce useko, godiyarsu ta Fillanci. A cikin gida kuma matata ta ga wata maƙwabciya ta fizge kofin ruwa daga bakin jikarta, wai yarinyar tana tari.

Wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya ya ja ni gefe, ya rage murya kamar zai ba ni sirrin magani.

"Wai aparai ɗin nan nasa, yana ina?"

Aparai muke ce wa kyamara a nan, aron bakin Faransanci ne. Na ce tana wurina.

"A gidanka? Cikin yara?"

Na ce nan ta kwana jiya, kuma duk mun tashi lafiya. Ya dube ni, ya ce Allah Ya kyauta, ya tafi bai yi sallama ba.

Bari in faɗi kalmar da kowa yake zagayewa. Cewa ake Baffa maye ne, wai kyamararsa kurwa take kamawa, duk wanda ya ɗauka hoto ba ya daɗewa. Ba wanda ya taɓa faɗa masa a ido. Irin wannan tabo kuwa ba ya bin mutum kabari, a gida yake zama ya bi 'ya'ya da jikoki. Mutanen da suka kawo goron neman Auta, 'yarsa ta ƙarshe, sun yi shiru tun bara. Ba su ce sun fasa ba, ba su kuma dawo ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, raina a ɓace. Ba na son sunan da za a riƙa tuna Baffa da shi ya zama wannan.

Kakanmu daga wajen Kano ya zo da fataucin goro da tufa, ya ga bakin kogin Binuwai ya zauna. 'Ya'yansa duk suka bi kanti, Baffa kaɗai ya bi shanu. Dillali ne tun yana saurayi har ƙafa ta gaza. Lahadi yana kasuwar Pitowa, sauran ranaku duk inda aka kafa kara. Fillanci a bakinsa ya fi Hausa santsi, in ya fusata ma da shi yake faɗa.

Abin dariya, wanda aka wayi gari ana zargi shi ne sarkin zargi. Baffa bai taɓa yarda da abu a kallon farko ba. Ka kawo masa hula kyauta, sai ya juya cikinta ya duba ɗinki kafin ya gode. Ka tsawaita gaisuwa, sai ya katse ka, "Lafiya lau muke. Me ya kawo ka?" In an kawo nono sai ya shinshina, ko da matarsa ce ta miƙo. Yakan ce, "Sa mai sheƙi, nemi wanda ya wanke shi." Yakan kuma ce idon mai kaya ba ido ba ne. Inna, matarsa, ta sha cewa ko Aljanna aka buɗe masa sai ya ƙwanƙwasa ƙyaure ya ji ko katakon na gaske ne. Shi kuwa sai ya ce ai dubawa ba raini ba ce.

Kyamarar tawa ce tun asali. Kayan babur nake sayarwa, hoto sha'awa ce kawai ta kama ni da girmana. Na same ta ta hannu wurin wani mai kawo kaya daga Duwala, baƙa, gefenta ɗaya ya ɗan goge. Na kawo ta zauren Baffa don in yi burga. Ya karɓa ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu.

"Ina ake sa fim?"

Na ce ba ta cin fim, ɗan kati ne a cikinta kamar farcen yatsa, sai batir da ake yi wa caji.

"Ba ta cin komai, kuma tana ba ka komai?" Ya girgiza kai. "Ɗan nan, akwai magana a ƙasa. Bar mini ita kwana ɗaya in ga ƙarshenta."

Kwana ɗayan nan shi ya zama shekaru. Ni mai kaya na koma ɗan rakiya, in zan ɗauki hoton sunan ɗana sai na je aro.

Hotunansa na farko ba su da kan gado. Ya yanke kawunan mutane, ya ɗauko ƙafafun awaki, ya ɗauko babban yatsansa ya fi a ƙirga. Hannunsa yana rawa, komai sai ya fito dishi-dishi. Na ce masa akwai ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai. Ya ce shi da ƙafa uku yake tafe tun da ya fara dogara sanda. Sai ya kafa sandarsa ta kiwo a ƙasa, ya ɗora kyamara a kanta, ya riƙe numfashi. Hoto ya fito tas. Ya duba ya sake dubawa, bai ce ya yi kyau ba, cewa ya yi, "To, wannan karon ba ta samu hanya ba."

Na koya masa danna maɓalli rabi, a jira ta daidaita idonta, sannan a ƙarasa. Wannan ya shige shi nan da nan, ya ce haka ake taɓa baƙon sa, ba a kai masa hannu gaba ɗaya. Walƙiyar nan da take yi a ɗaki kuwa ya tsane ta tun ranar farko. Ya ce rashin kunya ne a haske wa babba ido, ya sa na kashe ta, ba a sake kunnawa ba.

Akwai ranar da ya kama ta dumu-dumu. Ya durƙusa gaban wani ramammen sa ya ɗauka daga ƙasa, sai ga sa ya fito da ƙirji da tozo kamar na layyar mai kuɗi. Ya zo har shagona da rana tsaka, yana haki, yana murna.

"Ka gani? Na ce maka. Dillaliya ce irina. Inda ka tsaya, nan take karkata."

Tun daga ranar ba ya ɗaukar komai daga sama ko daga ƙasa. Sai ya daidaita idonta da idon abin da zai ɗauka, ko da zai zauna a turɓaya. Abu ɗaya ya wahalar da mu duka, farar riga. In mutum ya sa farar babbar riga ya tsaya a rana, riga ta fito fes, fuska ta zama gawayi. Na yi ta latse-latse a waya ina neman bayani, na gano inda ake ƙara haske, sai riga kuma ta ƙone. Baffa ya ce in bar wahalar da kaina, a fitar da mutum daga rana. Ya gano bakin zaure da safe, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya ya kwanta a kumatu. Ya gano inuwar darbejiya bayan la'asar. Ni na san sunayen maɓallai, shi ya san jira, haka muka yi ta rufa wa juna asiri.

Ban san ranar da ya bar shanu ya koma tsofaffi ba. Na dai ga ya fara fita da hantsi, kyamara a aljihun gaba, wankakkiyar hula a ɗaya aljihun, don wanda tasa ta tsufa. Ya ɗauki tsohon wanzamin unguwa wanda idonsa ya tafi. Ya ɗauki ladan. Ya ɗauki tsohuwa mai daddawa, wadda duk rayuwarta hotonta ɗaya ne, na katin ɗan ƙasa, shi ma ta fito kamar an kama ta da sata. Ba ya cewa a yi murmushi. Sai ya zauna ya jawo hirar da, lokacin da ake haye Binuwai da kwalekwale, wa ya auri wa, wa ya gudu ya bar jakinsa da ya ga dorina. In mutum ya manta da kyamara ya shiga gyara masa labari, sai ka ji ƙit. Daga nan ya kai kati wurin masu wanke hoto a karfur, can mahaɗar titi, ya tsaya a kansu kada su ƙara wa kowa fari, ya kai wa mai hoto nasa har gida.

Mai daddawa ta riƙe nata ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka na yi kama da innata." Ta ba shi daddawa ƙulli biyu. Ya shinshina, sannan ya karɓa.

Wanzami ya rasu da damina. Ladan ya bi shi bayan ƙaramar sallah. Mai daddawa ta kwanta ba ta tashi ba. Ba kuma su kaɗai ba, gaskiya ɗaya ce, da yawa daga waɗanda Baffa ya ɗauka sun tafi ba da jimawa ba. Ina zaton a wurin injin niƙa maganar ta fara, ta bi ta teburin mai shayi, ta shiga masallaci. Ba wanda ya tsaya ya ce tsoho dama mutuwa yake yi. Ba wanda ya lissafa mahaifiyar liman, da hoton Baffa ke rataye a ɗakinta, tana nan har yau tana cin tuwo tana zagin jikoki. Yara suka fara watsewa in ya ɓullo. Tsofaffin da ke zama a ƙofar gida suka riƙa tuna suna da uzuri a ciki. Baffa, mutumin da ke gane cutar sa daga nesa, ya ga duk wannan, bai ce uffan ba.

Amininsa tun ƙuruciya shi ne Baba Tela. Tare aka yi musu kaciya, shi ya ɗinka rigar auren Baffa, kullum bayan la'asar suna tare suna musu a kan abin da bai shafe su ba. Da maganar ta fara yawo, Baba Tela ne ya zagi wani a teburin shayi saboda Baffa. Sai aka yi sunan jikansa, Baffa ya shiga cikin gida don yi wa mata barka, ya ɗauki matar Baba Tela tana riƙe da jariri. Ba a yi nisa ba ta kwanta. Aka kai ta lopital, wato asibiti, aka dawo, jiki sai baya yake yi, ta daina cin abinci, ta fara sambatu.

Ina zauren Baffa wata safiya Baba Tela ya zo da surukansa biyu. Mutumin da ke shiga har ɗakin Inna ya ɗauki goro, ranar a bakin ƙofa ya tsaya.

"Dillali."

"Tela. Shigo mana. Ya mai jiki?"

"Jiki sai addu'a." Ya dubi ƙasa. Ɗaya daga cikin surukan ya karɓe, ya ce ba wai ana zargin kowa ba ne, amma mutane sun ba da shawara, in Alhaji zai daure ya zo ya tsallaka ta. Duk mun san wa ake sa ya tsallaka marar lafiya. Na miƙe, Baffa ya riƙe mini riga.

"Ban taɓa tsallaka mace tana kwance ba," in ji shi, "ba kuma zan fara da matar Tela ba. Tela, kai nake saurare. Kai me kake so?"

Baba Tela ya nuna aljihun Baffa. "Hoton nan. Ka sake ta. Ka goge."

Baffa ya ciro kyamara ya kunna, ya nemo hoton. Ina bayansa, na gani. Ta karkata kai tana yi wa jariri dariya, wushiryarta a fili, hasken ƙofa ya kwanta a gefen fuskarta. A duk abin da ya ɗauka ban ga wanda ya kai shi ba, kuma bai riga ya kai an wanke ba.

"Ba ta da wani, Tela. Na tambaye ta, ta ce tun na aurenku da gara ta ci. Duba ko sau ɗaya. In na danna ba ta dawowa."

Baba Tela ya kawar da kai. "Goge."

Ya danna. Kyamara ta tambaya ko ya tabbata, ya sake dannawa, ya miƙa wa surukan suka duba wurin babu komai. Suka tafi ba godiya. Na ce, "Baffa, ka san abin da ka yi? Yanzu za a ce ka amsa." Ya ce ya sani, amma mutumin da matarsa ke kwance ba a yi masa musu. Ta rasu cikin makon. Unguwa ta ce ya sake ta, amma ya makara. Baffa ya je jana'iza ya tsaya a sahun baya. Daga ranar shi da Baba Tela sai gaisuwar hanya, ita ma daga nesa.

Abin ya ci ni, har na kasa haɗiyewa. Wata Lahadi na ɗauke shi a babur zuwa Pitowa, don ko ya daina dillanci ba ya iya haƙura da warin kara. Muka zauna a inuwa muna kallon shanu, manyan motocin auduga suna wucewa a titi. Na tambaye shi kai tsaye, don shi ma ba ya son kwana-kwana. Na ce me ya sa waɗanda yake zaɓa suke tafiya.

Bai ji haushi ba. Ya nuna da sanda. "Ka ga farin can? Mai ƙahon nan da ya buɗe?"

Na ce na gan shi, lafiyayye ne.

"Ba zai kai kaka ba. Dubi yadda ya ja baya daga kwamin ruwa, ya bar na ƙasa da shi suna sha. Dubi fatar wuyansa. Dubi nan," ya taɓa gefen goshinsa, "yadda ya faɗa. Tun ban yi gemu ba nake kallon wannan. Da na bar kara na zauna a ƙofar gida, sai idon ya ƙi zama. Ya koma kan mutane."

Ya sauke sandar, ya ci gaba.

"Gaibu na Allah ne, ɗan nan. Sau da yawa na yi kuskure, kuma ba abin da ke mini daɗi kamar in yi kuskuren. Amma in na ga mutum ya fara ja baya daga kwano, ya fara yafe abin da da ba ya yafewa, sai in ce bari in yi sauri, kada jikokinsa su tashi ba su san fuskarsa ba. Kakanka da ya zo daga Kano, wa zai iya gaya maka yadda hancinsa yake? Ni kaina ya fara ɓace mini."

"To ka faɗa musu mana, Baffa. Ka wanke kanka."

Ya juyo ya dube ni kamar na kawo masa sa mai sheƙi. "In ce me? In shiga gidan mutum in ce na ga ka fara naɗe tabarma? In ce wa Tela na ga matarka tun ranar suna? Gara a ce mini maye. Maye gudunsa ake yi a kwana lafiya. Wancan kuwa in na faɗa, ba mai sake barci."

Na ce saboda Auta fa. Nan ne kaɗai na ga idonsa ya kaɗa. Ya ce wannan yana cikin abin da zai tsaya a kansa gaban Allah, bai san yadda zai yi da shi ba. Sannan ya ce bayan ransa in faɗa in na ga dama, ba dai ya zaton za a yarda.

Bayan haka bai sake ɗaukar mutum ba. Yakan sa in kai shi bakin kogi ya ɗauki kwalekwale da masu wanki daga nesa, ya ɗauki akuyar Inna har ta gaji da shi. Ni ne dai nake ɗaukarsa in na samu kyamara a hannu, kuma a duk hotunan ya haɗe gira yana hararar ta, bai taɓa yarda da ita ba har ƙarshe. Da ciwo ya kwantar da shi ya miƙo mini ita a cikin tsohuwar safa, ya ce, "Ga aron kwana ɗaya." Na ce ya ga ƙarshenta? Ya ce tana da gaskiya in an tsare ta.

Bayan sadakar uku Yaya, babban ɗansa, ya kira ni bayan gida. Ya ce in kawo kyamarar, zai ɗaure ta da dutse ya jefa a Binuwai gaban mutane, ko bakinsu ya mutu, ko a samu maganar Auta ta tashi. Na ce in ka jefa ta, ka sa hannu a kan abin da suke faɗa. Ya ce to in kawo wata dabarar. Ba ni da ita. Muka rabu a kan bayan sadakar bakwai za a yanke. Ban ga laifinsa ba, ƙanwarsa ce take kuka a ɗaki.

Ranar bakwai da safe zaure ya cika, har aka shimfiɗa tabarmi a waje. Aka yi addu'a, aka fito da kunu, masu azumi suka fara gyara murya. Sai ga Baba Tela, wanda tun rasuwar ba mu ga ƙeyarsa a gidan ba. Ya sha babbar riga shuɗiya mai aiki, ɗinkin hannunsa, da hular da ba ya sawa sai sallah. Ni da na san irin zuwansa na ƙarshe, sai na tsaya kusa da ƙofa ina jiran in ji da wacce ya zo. Ya ratsa mutane ya zauna a tsakiya.

"Ɗan nan, ba ni kunu."

Na zuba masa. Ya sha a hankali kowa yana kallo, ya miƙo kofi na ƙara. Sannan ya yafito ni, ya yi magana ba tare da ya rage murya ba.

"Aparai ɗin yana wurinka?"

"Yana nan, Baba."

"Wanda aka goge ɗin nan. Yara sun ce akwai masu iya dawo da shi."

Na gaya masa gaskiya. Na ce na riga na kai katin wurin masu gyara tun Baffa yana da rai, da saninsa, sun ce hotuna da yawa sun hau kan wurin, ba ya dawowa. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Dillali ya ce in duba, na ƙi," in ji shi. "Jikan nan ya fara tambaya yaya kakarsa take. In na rufe ido, mayafinta nake gani." Ya share fuska da hannun riga. "Je ka ɗauko. Ina yake zaunar da mutane?"

Na nuna masa bakin zaure. Ya tashi ya koma can da kansa, ya gyara riga a kafaɗa, ya fuskanci jama'a. Wani daga baya ya ce, "Baba, da dai ka bari." Ya ce, "Na bari sau ɗaya." Na ga Yaya ya fito ya tsaya, na ga labulen cikin gida ya motsa.

Na ari sandar wani Bafulatani na kafa, na durƙusa har idon kyamara ya yi daidai da nasa. Na danna rabi, fuskarsa ta fito sarai. A nan na ga gefen goshinsa ya faɗa, na ga wuyan rigar da ya ɗinka daidai jikinsa ya yi masa yawa. Ban so na gani ba, ban kuma san ko daidai na gani ba, ni ba dillali ba ne. Yatsana ya tsaya a kan maɓalli.

"Danna mana," in ji Baba Tela. "Hasken yana tafiya."

Na danna. Ya karɓa ya duba, ya ce hular ta karkace amma a bar ta haka. Da ya koma tabarma, na ga hannu biyu ko uku sun miƙa wajen farantin masa. Ba duka ba, kada in yi ƙarya. Yaya bai sake tayar da maganar kogi ba. Masu neman Auta har yau ba mu ji daga gare su ba, amma wata gwaggon yaron ta zo gaisuwa, ta kuma sha ruwa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ya saka masa da alheri a kan shirun da ya yi. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya kawo wa Auta mafita ta alheri. Baba Tela kuma, kullum bayan sallar asuba ina roƙa masa tsawon rai, fiye da yadda nake roƙa wa kaina. Hotonsa yana rataye a shagonsa, kowa ya san wanda ya ɗauka, kuma in ya riga mu gidan gaskiya a bana na san wanda za a nuna da baki.